Abin nan da ke gane zafi a cikin kwamfuta, me za mu ce masa da Hausa?

Mai gyara, Garwa: Salamu alaikum jama'a, wata magana ce ta tsaya min tun jiya. Wani dattijo ya kawo min kwamfutar ɗansa ta hannu, irin ta okaziyo ɗin nan, wato ta hannu na biyu, wai ana cikin aiki sai ta ɗauke ɗif, ga zafin Garwa na Afrilu da kun sani, 40 da wani abu ko a inuwa. Na tada ta da Linux, na sa lm-sensors, manhajar da ke karanto zafin cikin kwamfuta, na buga sensors-detect ina ta amsa masa tambayoyi, da na buga sensors sai coretemp, ɓangaren da ke karanto zafin firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya nuna min digiri 96, alhali yawancin firosesan Intel wajen 100 ne iyakarsu, in sun kai nan su rage gudu, in abin ya ƙi su kashe kansu. Layin gudun fanka kuwa babu shi sam. Da na kwance ta ƙurar hunturu ce ta dunƙule a mafitar iska kamar auduga. Sai baba ya ce to ɗana yaya ka san zafin cikinta tun ba ka buɗe ba? Na ɗauko kalmar Faransanci capteur zan faɗa na ga ba inda zai kai mu, sai na ce akwai wani abu mai jin zafi a ciki, ya ce subhanallahi ciwo yake yi? To ku taimaka min da kalma.

Ɗan Marwa: Hhhh baba ya fi ka gaskiya. Ni kaftar nake cewa kuma yaran shago suna ganewa, yadda muke cewa vantilo, miye na wahala.

Mai gyara, Garwa: Vantilo kam ban yarda ba ɗan'uwa, muna da fanka. Ita ma baƙuwa ce, daga pankha ta Indiya ta biyo Turawan Ingila ta shigo, amma ta zauna har ta yi jikoki. Kaftar kuwa ka faɗa wa mutumin Kano ko Zinder ka ga, zai zaci kaftu za a yi a gona.

Malama, Njamena: A nan fankar ma marwaha za ka fi ji a kasuwa saboda Larabci. Me zai hana majiyi, tunda aikinsa ji ne?

Ɗan Marwa: Malama 'yan jarida sun riga ki, majiya tasu ce, majiyarmu ta shaida mana.

Ɗalibi, Ngaundere: Ni dai sansa na zaɓa, ta yi kusa da sensor na Ingilishi kuma ga sansana a Hausa, abu ne da ke sansano zafi. Sannan maigida batun fankar da ba ka gani ba, ba laifin lm-sensors ba ne, a kwamfutar hannu akwai wani ɗan guntu da ake kira EC, shi ne sarkin gida, shi ke kula da fanka da batir da madannai, kuma kowane kamfani da yaren da yake masa magana, shi ya sa sensors-detect ke wucewa bai gan shi ba. In ThinkPad ce manhajar thinkpad_acpi ke karanto gudun, ka leƙa /proc/acpi/ibm/fan, in kana so ka juya ta da hannunka sai ka ba shi fan_control=1. In Dell ce dell-smm-hwmon. A Windows kuma manhajar HWiNFO ta kan gani a wasu, a wasu shiru.

Mai gyara, Garwa: Allah ya ƙara ilimi ƙanena, sarkin gida kam na karɓa hannu biyu. Sansa ce ban gamsu ba, dabarar ta yi kyau amma sai ka tsaya ka yi bayani kafin a gane, kuma baba ba zai tsaya ba. Na kwana ina juya abin, shi fa ba ji yake ba, ba sansana yake ba, lamba yake bayarwa. Na Intel ma ba cewa yake zafi kaza ne ba, cewa yake saura kaza a kai iyaka, coretemp ne ke debewa ya ba ka 96 ɗin, kamar mai awon gero a kasuwa da zai ce maka saura yatsa biyu mudu ya cika. To wannan ai ma'auni ne. Ma'aunin zafi, na fanka kuma ma'aunin juyi tunda juyi nawa take a minti yake ƙirgawa.

Malama, Njamena: Ma'aunin zafi ai shi ne na asibiti da ake sa wa yaro a hammata.

Mai gyara, Garwa: Shi ne ma ya sa nake so Malama, kowa ya san shi, sai ka ce ma'aunin zafin firosesa, na diski, magana ta ƙare.

Ɗan Marwa: Na bi, amma a shago kaftar zan ci gaba da cewa wallahi.

Mai gyara, Garwa: Ka ci gaba. Na share ƙurar na canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya, yanzu ma'auni 58 yake nunawa, baba zai zo ɗauka bayan la'asar zan gwada kalmar a kansa.