Neman kalma: me za mu kira cokula "silver-plated"?

Malam Sabo: Jama'a, masu tallan tsofaffin cokula da wuƙaƙen tebur na Turawa suna rubuta "cokalin azurfa" a kan duk abin da ya yi fari yana ƙyalli. Wannan zalunci ne ga mai saye, domin yawancinsu azurfar a fata kawai take. Ina neman kalmar da za ta raba su.

Hajiya Rabi: Malam, ai 'yan gwal sun riga mu. Sarƙar da aka tsoma suna cewa tana da ruwan gwal. Mu ce mai ruwan azurfa. Kuma ya dace da aikin: a ruwan sinadari ake tsoma cokalin, a sa lantarki, azurfar ta bi jikinsa ta kwanta. Kamfanin Elkington na Birmingham ne ya yi rajistar dabarar a 1840. Juya bayan mariƙin, in ka ga EPNS, ƙarfen ciki haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu ko ƙwayar azurfa. Tsantsa kuwa za ka ga 925, wato kashi 925 cikin 1000 azurfa ce, ko hoton zaki yana tafiya in ta Ingila ce.

Auwalu Maƙeri: Hajiya, na yarda, amma kada mu kwashe komai da kalma ɗaya. Kafin lantarki akwai aikin garin Sheffield na Ingila, wanda Thomas Boulsover ya gano wajen 1743: a ɗora fallen azurfa a kan jan ƙarfe, a gasa har su haɗe, a murje. Nan ba a tsoma komai ba. Mu 'yan ƙirar fari lulluɓin azurfa za mu ce. An fi samunsa a farantai da mazaunin kyandir, cokulansa kaɗan ne. In ya sha hannu ja yake leƙowa.

Malam Sabo: Shafen azurfa fa?

Hajiya Rabi: A'a, shafe sai ya sa mutum ya zaci fenti ne da za a sake gogawa a gida. Kuma ruwan ma hawa-hawa ne. Na Jamus suna buga 90 ko 100, wato giram nawa na azurfa aka kashe wa cokula 12 da masu yatsu 12. Mai saye ya duba gindin cokali inda yake taɓa tebur, da bakin yatsu. Nan ruwan yake fara cinyewa, sai wani fari mai ɗan rawaya ya bayyana. Mayen ƙarfe ba zai taimake ka ba, mai ruwa da tsantsa duka ba ya kama su.

Auwalu Maƙeri: Baƙin da suke yi kuma ba tsatsa ba ne, dushewa ce, farar wutar da ke iska da ƙwai ke jawo ta. Kada a dirje da toka ko soson ƙarfe, ruwan za a kankare. Shimfiɗa takardar alminiyom a roba, zuba ruwan zafi lita 1 da bekin soda babban cokali 1, sa cokulan su taɓa takardar na 'yan mintuna, a ɗauraye, a goge da tsumma mai laushi nan take. Banda wuƙaƙe: mariƙinsu rami ne da aka cika da ƙaro, zafi na narkar da shi, ƙarfen yankan ya fara girgiɗi.

Malam Sabo: To na ɗauki ruwa ga na lantarki, lulluɓi ga na Sheffield, tsantsa ga 925. Saura "place setting".

Hajiya Rabi: Jerin mutum ɗaya. Wanda aka fi sayarwa guda 5 ne: wuƙa, mai yatsu babba da ƙarami, cokalin miya, cokalin shayi. Mai talla ya rubuta "jerin mutum 6, mai ruwan azurfa", mai saye kuma ya ƙirga guda 30 kafin ya biya.