Ɗan tsuntsu mai kukan gyare a cikin ƙaya: wane ne shi?

Ɗan Sahel:
Salamu alaikum. Masu sanin tsuntsaye, a taimaka. A dajin ƙaya na arewacin Yobe akwai wani ɗan tsuntsu da bai kai gwara jiki ba, jela doguwa, kukansa sak na gyare, kuma da rana tsaka yake yi. Yaya ake tantance shi?

Mai Tabarau:
Wa alaikumus salam. Malam, siffar nan ta tsuntsun da a kimiyyance ake kira Spiloptila clamans ce, kuma Turawa ma da gyaren suka sa masa suna. Tsawonsa wajen santimita 12, kusan rabi duk jela. Fara da goshi: akwai zanen baƙi da fari kamar ɓawon kifi. Kafaɗar fiffike ma baƙa ce mai farin gefe, bayan kuwa ruwan ƙasa mai ja-ja, ciki fari-fari. In ya buɗe jela za ka ga kowane gashi da baƙin layi sannan farin baki, kuma ba ya barin ta ta huta, sama, ƙasa, gefe. Goshin shi ne hujja, sauran duk shaida ce ta ƙari. Yana nan tun daga Muritaniya da Senegal, ta Mali, Nijar, Chadi, har Sudan da Eritiriya.

Baba Kandili:
Inda mutane ke ruɗewa biyu ne. Akwai wata 'yar tsuntsuwa da ake kira Prinia subflava, ita ma jela doguwa, amma kanta sumul yake da farar gira, kuma ta fi son ciyawa mai tsayi da bakin fadama. Sai Sylvietta brachyura, da ke yawo a itatuwa iri ɗaya. Wannan kam kamar an gutsure mata jela, kallo ɗaya ya isa. Daga Oktoba zuwa Maris kuma baƙin ƙananan tsuntsaye na zuwa daga Turai su cika ƙaya, to kada a yanke hukunci da ƙanƙanta kawai.

Gyaren gaske fa yawanci da dare yake yi, daga ƙasa. In ka ji sautin da hantsi daga kan reshe, ɗaga kai.

Mai Tabarau:
Haka ne, Baba. Ƙarin bayani ga mai son hoto: ka fita tsakanin ƙarfe 6:30 da 9 na safe, rana a bayanka, don in tana gabanka zanen goshin ɓacewa yake, sai baƙar inuwa. Nemi wuri mai yashi inda dakwara, kandili da aduwa suke gajeru a warwatse, da kututturan ciyawa a tsakani. Tsuntsayen sukan yi ƙaramin ayari, suna tsintar ƙwari a ƙananan rassa har ƙasa. Kada ka bi su, gaba za su yi ta yi maka. Tsaya kusa da itacen da suka nufa ka jira. Sheƙarsu ba ta nisa da ƙasa, don haka in ɗaya ya yi ta kewaya ka da ƙwaro a baki, ja da baya, 'ya'ya yake son ciyarwa.