"Kabon sink": rumbu ne, rijiya ce, ko mazuƙi?

Salamu alaikum, malaman Hausa da masu fassarar labarai. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ba mu wahala a rahotannin sauyin yanayi, wadda a Turancin Ingilishi ake kira "kabon sink". Duk takardar binciken da ta taɓo manufar wata ƙasa kan rage hayaƙi da yadda ake amfani da gonaki da dazuzzuka, sai ka yi ta cin karo da ita. Mu kuwa kowa da tasa. Wannan ya ce rumbun kabon, wancan ya ce ma'ajiyar kabon, wani ma ya tsallake ta ɗungurungum ya ce "itatuwa na taimaka wa muhalli", ya wuce abinsa. Ina da shawara, amma sai mun fara sanin abin da muke neman yi wa suna.

Ma'anar a rubuce take. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ta 1992, tun a sashenta na farko, ta rarrabe abubuwa uku: abin da ke sakin iskar da ke ɗumama duniya zuwa sama, da abin da ke janye ta daga sama, da kuma wurin da take kwance a ajiye. Na tsakiyan nan shi ne sink. Ku lura, yarjejeniyar ba ta ce wuri ba ne, cewa ta yi aiki ne ko hanya, wato abu ne da ke gudana. Yarjejeniyar Paris ta 2015 kuma a kan wannan ta ɗora ɗaya daga manyan burinta, cewa a rabi na biyu na wannan ƙarni abin da ɗan Adam ke saki ya zo daidai da abin da ake janyewa. To in muka ɓata sunan ɓangare guda na wannan ma'auni, mun ɓata bayanin manufar gaba ɗaya.

Rumbu shi ya fi yawan magoya baya, kuma na gane dalili, kalma ce mai daɗin ji, kowa ya san ta. Matsalarta ita ce rumbu yana gaya maka nawa ke ciki, ba ya gaya maka ko ana zubawa ko ana ɗiba.

Ɗauki kurmi guda biyu. Ɗaya tsoho ne, itatuwansa sun shekara ɗaruruwa, sun ƙoshi. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne, kuma kowane tan guda na kabon da ke jikin itace daidai yake da tan 3.67 na iskar kabon dayoksaid, mai ɗumama duniya, da aka raba da sama. Saboda haka ajiyar tsohon kurmin nan ba ƙarama ba ce. Sai dai a kowace shekara wasu itatuwan na faɗuwa suna ruɓewa, abin da sababbin ganye suka ja da abin da ruɓa ta mayar sun kusa zuwa ɗaya. Na biyun kuwa shuka ce ta shekara goma sha biyar, itatuwan ba su wuce kaurin cinya ba, ajiyarsu kaɗan ce, amma suna girma da gaggawa, suna jan iskar ba ƙaƙƙautawa. Na farko babban rumbu ne mai ƙaramin ja, na biyu ƙaramin rumbu ne mai babban ja. In duk biyun "rumbu" muka kira su, da wane baki za mu bayyana wa mai sauraro gardamar da ake tafkawa tsakanin masu cewa a sare tsoffin itatuwa a dasa sababbi don lissafin shekara ya yi kyau, da masu cewa saran kansa zai saki ajiyar da sai an shekara da yawa kafin a mayar da ita? Gardamar ba za ta faɗu da Hausa ba sam.

Don haka kada a jefar da rumbu. A bar masa gurbinsa, shi ne abu na uku a yarjejeniyar. Rumbun kabon: abin da ke ajiye a itace, a ƙasa, a ƙarƙashin teku. Dausayin nan mai ruɓaɓɓun tsirrai da suka taru shekaru dubbai, irin na Indonesiya da arewacin Turai, bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma ajiyarsa ta fi ta dukkan itatuwan dazuzzukan duniya. Wannan kam rumbu ne na gaske.

'Yan uwanmu masu fassara daga Faransanci kan ce rijiyar kabon, don haka Faransawa suka sa mata. A gafarce ni, wannan ba ta karɓu ba. A Hausa rijiya bayarwa take yi, shi ya sa ake cewa rijiya ta bayar guga ya hana. Kuma kunnen da ya saba jin "rijiyar mai", in ya ji "rijiyar kabon" zai ɗauka wurin haƙo shi ne. Ma'anar ta juya baya kenan.

Kwatami da makwarara su ne fassarar kai tsaye, amma suna ɗauke da ƙazanta, kuma suna nuna abin da ya tafi ya tafi kenan. Mahaɗiyi ma haka, abin da aka haɗiye an gama da shi. Matsotsi yana da ƙamshin cuta, kamar kaska. Mashayar kabon kuwa, wanda ya karanta ta a rediyo ba zai kai ƙarshen jimla ba tare da dariya ta ƙwace masa ba.

Abin da nake gani shi ne mazuƙi. Daji mazuƙin kabon ne, ƙasar noma mai lafiya mazuƙiyar kabon ce, jam'i mazuƙan kabon. Aikin kuma zuƙa.

Tun da farko kafofin labaranmu "hayaƙi" suka zaɓa wa abin da masana'antu da motoci ke fitarwa, kuma hayaƙi zuƙarsa ake yi, ba a sha, ba a haɗiya. Kalmar ta riga ta sami abokiyar zama. Sannan sifar "ma-…-i" ta mai aikatawa ce, kamar manomi da masaƙi, tana nuna ana cikin yi, daidai da yadda yarjejeniyar ta ce aiki ne. Amma babban dalilina shi ne wanda ya zuƙa yana iya fesarwa. Duk Bahaushe ya san haka ba sai an yi masa bayani ba, kuma wannan shi ne abin da binciken shekarun nan ke ta nanatawa.

Ku dubi Finlan. Kusan kashi uku cikin huɗu na ƙasarta daji ne, kuma ta sa a dokarta cewa zuwa 2035 abin da take fitarwa zai zo daidai da abin da take janyewa, wa'adin da ya riga na yawancin ƙasashen Turai. Lissafin ya jingina ne da dazuzzukan. Sai a 2022 alƙaluman hukuma suka nuna cewa a 2021 ɓangaren amfani da ƙasa, wato dazuzzuka da gonaki da dausayi a haɗe, ya fitar fiye da abin da ya zuƙa. Sara ya ƙaru, girman itatuwa ya ragu, dausayin da aka tsane wa ruwa don shuka yana ta saki. Dazuzzukan na nan tsaye, in ka bi ta ciki ba za ka ga alamar wani abu ya sauya ba, rumbun cike yake. Zuƙar ce ta gaza. Gwada faɗin wannan labari da kalmar rumbu kaɗai ka ji yadda zai fito: "Finlan ta rasa rumbunta." Ƙarya kenan.

A Kanada kuwa fesarwar lokaci guda ta zo. Gobarar daji ta 2023 ta cinye kimanin hekta miliyan 15, ta saki kabon sama da tan miliyan 600, wanda ya fi abin da kowace ƙasa ke fitarwa a shekara daga man fetur da kwal da gas, in ka cire Sin da Amurka da Indiya. Wani bincike da aka wallafa a 2021 ma ya nuna kudu maso gabashin kurmin Amazon na Kudancin Amurka ya koma yana fitar da fiye da abin da yake ja.

Inda kalmar ke taɓa mutanen karkara kai tsaye shi ne lokacin da aka sa wa zuƙa farashi. A Niyu Zilan, tun 2008 aka shigar da dazuzzuka cikin kasuwar hayaƙin ƙasar. Mai fili yana samun takardun shaida gwargwadon abin da itatuwansa suka zuƙa, ya sayar wa kamfanin da ke fitarwa. Da farashin ya tashi, sai aka riƙa sayen gonakin kiwon tumaki da shanu sukutum ana dasa musu itatuwa masu saurin girma. Makiyaya suka koka cewa ƙauyuka na watsewa, don gonar itace ba ta buƙatar hannaye kullum kamar garke, har a ƙarshen 2024 gwamnati ta sanar da taƙaita irin wannan juyi. Abin da ake biya a nan zuƙa ce, ba ajiya ba. Ran da itatuwan suka ƙoshi kuɗin ya tsaya, filin kuma ba ya komawa kiwo sai an mayar da takardun. Manomin da za a kawo wa irin wannan tayi, ko a wace ƙasa yake, yana da haƙƙin ya ji shi da kalmar da ba ta ɓoye masa wannan ba.

Na san abin da za a ce. Malam, ai mazuƙa na tuna wa mutum 'yan zuƙe-zuƙe. Gaskiya ne, amma da zarar an haɗa da "kabon" shakka ta kau, kamar yadda ba wanda ke rikita mahaukacin kare da mahaukaciyar guguwa. Wani kuma zai tuno da zuƙi ta malle. Wannan kam na yi murmushi, don akwai ɗan abin da ya taɓo. Masana sun gano giɓin da ya haura tan biliyan 5 na kabon dayoksaid a shekara tsakanin abin da ƙasashe ke rubutawa a rahotanninsu game da ƙasa da daji, da abin da lissafin masana na duniya ke nunawa. Ba wai ƙasashen ƙarya suke shararawa ba, hanyar ƙidaya ce ta bambanta: suna sa zuƙar duk dajin da suka ce yana ƙarƙashin kulawarsu a cikin ƙoƙarinsu, har da wadda dajin zai yi ko ba a taɓa shi ba. Amma dai wanda ya ji "zuƙi" ya ɗaga gira bai yi laifi ba.

Ga gwaji, ku karanta da ƙarfi ku ji ko akwai inda harshe ya harɗe.

"Ƙasa da teku su ne manyan mazuƙan kabon, suna zuƙe kusan rabin abin da ɗan Adam ke fitarwa a shekara."

"Tarayyar Turai na son zuƙar ƙasa da dajinta ta kai tan miliyan 310 na kabon dayoksaid a 2030, bayan an cire abin da suke fitarwa."

"In aka tsane ruwan dausayi, mazuƙi ya koma mafesi, rumbun kuma ya fara zuba."

Jimla ta ukun ce ta fi kwanta mini, don duk abubuwa ukun na yarjejeniyar sun shiga ba tare da kalmar aro ko ɗaya ba. Sai dai "mafesi" ɗin nan ban gama yarda da shi ba. Ya dace da bututun masana'anta da gobara, amma saniyar da ke gyatsar iskar metan, wadda ita ma ke ɗumama duniya, ko gonar shinkafa da ke sakinta a hankali daga ƙarƙashin ruwa, fesawa ta yi musu ƙarfi. Kuma ba ƙaramin sashe ba ne, noma da daji da sauran amfani da ƙasa su ne kusan kashi 22 cikin 100 na hayaƙin duniya a 2019. Mabubbuga ta zo mini a rai, amma ita wuri ce, ba mai aikatawa ba, sai ta ƙi tafiya kafaɗa da kafaɗa da mazuƙi. Malamai, masu Hausar yamma da masu ta gabas, in akwai fi'ilin da kuke amfani da shi na abin da ke fita sannu-sannu ba tare da an gani ba, ku kawo shi mu gwada masa "ma-".