Abin da aka faɗa kan 'yan aji ɗaya a jami'a

Jama'a, na bi tattaunawar da aka yi kan shawarwarin da suka dace da sababbin ɗaliban jami'a tun daga farko, ga abin da na tsinto:

1. Kusan baki ya zo ɗaya cewa haddar sakandare ba ta kai ɗalibi ko'ina a jami'a. Malami dalili yake nema, ba maimaita littafi ba. Wata ta ce sai da ta tsaya gaban allon sakamakon zangon farko, tana bin lambarta da yatsa, sannan ta gane.

2. Kada a raina darussan GST, wato darussan gama-gari da kowane ɗalibi ke ɗauka, musamman falsafa da mantiƙi. Ni ma ra'ayina ke nan, domin su ke koya wa yaro auna hujja kafin ya buɗe baki.

3. Zaman ɗaki da ɗan Binuwai ko ɗan Legas yana buɗe kai. Musun dare kaɗai makaranta ne.

4. An rabu kan karatun rukuni. Wasu sun ce shi ya cece su, wasu sun ce hira ce kawai. Haka siyasar ɗalibai, amma masu cewa a jira aji biyu sun fi yawa.

5. Tsofaffin ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun nanata a lazimci laburaren Kashim Ibrahim tun makon farko.