Raspberry Pi 4 ɗina ya ƙi tashi, ku taimaka jama'a

Ɗan Kabuga:
Assalamu alaikum yan uwa. Yayana ya aiko min da ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 4 mai RAM 4GB don furojet ɗina na shekarar ƙarshe, so nake ya riƙa auna ruwan tankinmu yana kashe famfo da kansa idan ya cika. Na sauke Raspberry Pi OS, wato manhajar da take tafiyar da shi, na kwafa shi a kan memori, na jona cajar wayata, jar fitila ce kawai take tsayawa, allo kuma ba ni da wayar da za ta shiga ramin HDMI ɗinsa don ƙarami ne sosai. Ko dai ya mutu a hanya ne?

Injiniya Hotoro:
Wa alaikumus salam ƙanena, bai mutu ba insha Allah. Ba kwafa ake yi ba kamar waƙa, rubuta shi ake a kan katin. Sauke Raspberry Pi Imager a laftof ɗinka, ka zaɓi irin Pi ɗinka, ka zaɓi OS ɗin (ɗauki Lite tunda ba fuskar hotuna a allo kake buƙata ba, kuma ya fi sauƙin data), kafin ka danna rubutawa akwai wurin saiti, nan za ka sa suna da kalmar sirri da sunan wifi ɗin wayarka da ƙasa NG sannan ka kunna SSH, wato hanyar ba shi umarni daga wata kwamfutar. Kada ka tsallake wannan, tun 2022 suka cire tsohon sunan nan pi da yake zuwa a ciki, tsofaffin bidiyon YouTube za su ɓatar da kai. Da ya tashi sai ka shige shi daga laftof ta ssh, ba ka buƙatar allo ko kibod sam. Ramin nan micro HDMI ne, guda biyu ne ma, in ka matsu da shi ka duba Farm Centre ko Beirut Road.

Amma abin da ya fi damuna cajar nan ce. Pi 4 yana son 5V 3A ta USB-C, cajar waya da yawa abin da aka rubuta a jikinta daban abin da take bayarwa daban, wuta na raguwa zai fara sanɗa ko ya sake tashi da kansa kuma ka rasa dalili. In ya tashi rubuta vcgencmd get_throttled, in ka ga 0x0 to lafiya lau.

Hajiyar Lantarki:
Ƙari a kan na Injiniya, wallahi a garin nan ɗauke wuta ne yake kashe memori ba komai ba, yana cikin rubutu wuta ta tafi shikenan katin ya rikice. Sa shi a kan inbata ko batirin sola, kuma idan ka gama komai ka shiga raspi-config ka kunna overlay, ya daina rubutu a kan katin. Memorin ma ka sayi na gaske ko da 16GB ne, jabu sun cika kasuwa.

Sai zafi. Da ya haura digiri 80 yake rage gudunsa, ka tuna watan Afrilu a Kano kuma kana shirin rufe shi a roba kusa da tanki. Sa masa ƙarfen sanyaya da ƙaramar fanka, ka ajiye shi a inuwa cikin ɗaki ka ja waya zuwa sama.

Ɗan Kabuga:
Allah ya saka da alheri, ya tashi! Koriyar fitila tana ta ƙiftawa yanzu. Sensa HC-SR04 mai auna nisa nake da ita, kawai in jona ta a filolin nan 40 na jikin Pi ɗin?

Injiniya Hotoro:
Tsaya tukuna don Allah. Filolin nan, wato GPIO, 3.3V suke ɗauka, ƙafar Echo ta sensar nan kuwa 5V take fitarwa, kai tsaye zai iya ƙona fil ɗin ko ma Pi ɗin gaba ɗaya. Sa resista biyu, 1k daga Echo zuwa fil ɗin, 2k daga fil ɗin zuwa GND, wato filin negatif. Famfon kuma Pi ba zai ja shi ba, rile zai kunna, wato ƙaramin makunnin da wuta take sarrafawa, rile ya kunna kontakta, babban makunnin famfon, kuma wannan ɓangaren na babbar wuta ka kira mai wayarin ya haɗa maka kana tsaye. Turo hoton haɗin kafin ka ba shi wuta in duba.