Fitilar mai tana ƙyaftawa a ƙaramin injin turbo: in gyara ko in rabu da motar?

Malamin Lissafi:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata bakwai ke nan da na rabu da tsohuwar motata mai injin lita 1.8, na sayi ta hannu mai silinda uku da turbo (na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi), ta ci kilomita 94,000. Ba zan ambaci kamfani ba, don kada zancen ya koma gardamar wace mota ta fi wata. Da farko na ji daɗinta ƙwarai, ga jan hanya ga sauƙin shan fetur.

Mako biyu da suka wuce jar fitilar mai ta fara ƙyaftawa, amma sai inji ya ɗau zafi kuma ina tsaye a cunkoso. Da na taka totur sai ta ɗauke. Na zaro sandar awo, mai yana nan cif. Shekaranjiya kuma na ɗauko yara daga makaranta, na taka birki na ji ya ƙame kamar dutse, da ƙyar na tsaya. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Wani bakanike ya ce sensa ce, wani ya ce turbo ne ya mutu, wai dama waɗannan ƙananan injina ba sa daɗewa. Don Allah wanda ya sani ya faɗa mini gaskiya: haka suke duka, ko tawa ce ke da ciwo?

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin komai, ka ajiye motar nan, kada ka ƙara tayar da ita. Fitilar mai da taurin birki a lokaci guda ba aikin sensa ba ne.

Abin da nake zargi shi ne bel ɗin tayimin, wato bel ɗin da ke daidaita buɗewar bawul da motsin fistan. Wasu daga cikin ƙananan injinan nan an ƙera su da bel mai gudu a cikin baƙin mai, kamar 1.0 EcoBoost na Ford da ya fito a 2012, da 1.2 PureTech da ke cikin Peugeot da Citroën. An yi haka ne don rage gogayya da ƙara. Idan man ya tsufa, ko fetur ya gauraya da shi, ko aka zuba wanda ba shi kamfani ya ce ba, sai robar bel ɗin ta kumbura ta fara zubar da ɓurɓushi. Ɓurɓushin nan yana taruwa a rariyar da famfon mai ke zuƙa ta cikinta. Inji na tsaye famfo ba ya juyi da ƙarfi, mai ba ya hawa, fitila ta kama. Ka taka totur ya ɗan samu hanya, ta ɗauke. Shi ya sa sandar awo ba ta nuna maka komai ba: man yana nan, hawa ne ba ya yi.

Birkin ma daga nan ne. Injin turbo ba ya samar da isasshen zuƙon iskar da ke sauƙaƙa taka birki, don haka ana sa masa wani ƙaramin famfo da shi ma da baƙin mai yake aiki. Ya toshe, ƙafarka kaɗai ta rage. A kan PureTech sai da kamfanin ya kira motoci aka duba wannan, ya kuma rage wa'adin canza bel zuwa shekara 6 ko kilomita 100,000.

A kwance kaskon mai na ƙasa a duba rariyar. In an ga baƙin ɓurɓushi, a canza bel, a wanke hanyoyin mai, a duba tiyon da ke kai wa turbo mai. Kada ka yarda a sa sabon turbo ba a yi wannan ba, don yunwar man da ta kashe tsohon ita za ta kashe sabon.

Direban Dogon Zango:

Oga ya gama magana a kan ciwon. Ni a kan "ba sa daɗewa" zan ce wani abu, don raina ba ya so in ji ana yi musu kuɗin goro. Tawa lita 1.4 ce, yau tana kan kilomita 230,000, turbon da ta zo da shi ne har yanzu.

Ka duba wahalar da abin nan ke sha. Hayaƙin salansa ne ke juya shi, zafinsa kan kai digiri 900, sandar cikinsa kuma tana juyi har sau 200,000 a minti ɗaya, ba abin da ke riƙe da ita sai siririn mai. Don haka nake juye duk kilomita 7,500, ko littafi ya ce in jira fiye da haka. Da safe ba na matsa mata sai ta ɗumama. In na sauko daga doguwar tafiya nakan bar ta minti ɗaya ko biyu kafin in kashe, don kada man da ya tsaya a turbo ya ƙone ya zama gawayi.

Sai abu guda da mutane ba su cika sani ba: kada ka bar ta a babbar giya tana nishi sannan ka nitsa totur. A irin wannan hali fetur kan iya kamawa da wuta kafin fulogi ya ba da tartsatsi, kuma bugu ɗaya ya isa ya fasa fistan. Saboda wannan matsalar aka fito da ma'aunin mai na API SN Plus a 2018, sannan API SP a 2020. Ka duba jikin galan, amma lambar da littafin motarka ya rubuta ita ce gaba.

Maman Tagwaye:

Malam Direba, kai doguwar hanya kake bi, shi ya sa. Mu da tafiyarmu ba ta wuce kilomita 4 zuwa wurin aiki labarinmu daban ne. Inji bai gama ɗumi ba an kashe shi, fetur ɗin da ya sulale ta gefen fistan ya zauna cikin mai. Ni har hawa man yake yi a sandar awo, yana warin fetur. An yi ta wannan kuka da 1.5 turbo na Honda a wuraren sanyi, har aka dakatar da sayar da motarsu CR-V na ɗan lokaci a Chaina a 2018.

Ga kuma dattin bawul. Tunda a irin waɗannan injina nozul kai tsaye yake fesa fetur cikin silinda, fetur ba ya wanke bayan bawul ɗin shan iska, baƙin datti ya yi ta taruwa. Tawa ta fara karkarwa da safe, sai da aka buɗe aka kankare. Sauƙin shan man ma sai kana lallaɓa ta. Ranar da na cika ta da mutane da kaya muka hau tudu, ban ga bambancinta da tsohuwata ba. In zan sake saye, mara turbo zan nema, don ita ta dace da irin zirga-zirgata.

Malamin Lissafi:

Allah ya saka muku da alheri. Baba Bakanike, yadda ka faɗa haka aka tarar. Janwe na sa ya kai ta gareji, aka kwance kaskon, rariyar ta toshe da baƙin abu kamar garin gawayi, bel ɗin kuma duk ya tsattsage ta baya. Turbon lafiyarsa lau, sandarsa ba ta girgiɗi. Na koma kan takardun sabis da mai ita na farko ya ba ni, sai na ga akwai tazarar kilomita 26,000 ba juye, kuma man da aka rubuta ba shi littafin ya ce ba.

An sa sabon bel, an wanke famfon birkin. Sun ce in dawo bayan kilomita 1,000 a sake juye, don sauran ɓurɓushin da ya maƙale ya fita. Hajiya, maganarki ta tsaya mini a rai, don makarantar da nake koyarwa ma ba nisa gare ta. Tambayata yanzu: idan na riƙa fita da ita babbar hanya na minti 30 duk mako, hakan zai isa ya ƙone fetur ɗin da ke cikin man, ko dai in rage tazarar juye zuwa kilomita 5,000?