Wa ya taɓa taka Boesmanskloof ya kwana a Die Galg?

Ɗan Zariya: Salamu alaikum jama'a. Mu huɗu ne ɗalibai a Stellenbosch, Afirka ta Kudu, muna so a hutun nan mu taka hanyar Boesmanskloof daga Greyton mu ɓulle ɓangaren McGregor, mu kwana a masaukin kan dutse da ke Die Galg, inda hanyar ta ƙare. Wanda ya taɓa zuwa dan Allah ya ba mu labari, musamman batun kwana da abinci.

Baban Hanif: Wa alaikumus salam. Na je sau biyu. Tafiyar wajen kilomita 14 ce, a takarda kaman wasa amma daga Greyton hawa ne tun farko, gwiwa za ta gaya maka. Ku sayi famit na CapeNature, hukumar da ke kula da gandun dajin yankin, kafin ku tashi. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne titin nan da aka sassaƙa a jikin dutse don a haɗa garuruwan biyu aka watsar, kana tafe a kai lafiya lau sai kawai ya ƙare, gaba kwazazzabo, shi ya sa mutanen wurin ke ce masa titin da ba ya zuwa ko'ina. Na tsaya a bakinsa ina dariya ni kaɗai, na ce ashe ba mu kaɗai ke da kwangilar da aka ci aka bari ba.

Maman Ilham: Hhhh Baban Hanif ba ka da dama. Ƙanina ni dai shawarata ku tafi da abincinku. Yankin na gonakin inabi ne, naman halal ba ko'ina ba, kuma masaukin da muka sauka kai za ka dafa da kanka, akwai risho na gas da tukwane da wurin gashi a waje amma ba shago ko ɗaya kusa, garin McGregor ɗin ma da ɗan nisa. Mu garin kwaki da ƙuli da indomi suka cece mu. A watan Yuli muka je, lokacin sanyinsu kenan, wallahi ruwan alwalar asuba sai da na ɗumama a buta, bargo biyu bai ishe ni ba.

Ɗan Zariya: To Anti mu a Disamba ne.

Baban Hanif: Ah to rana za ku sha, inuwa kaɗan ce, duk gajerun tsirran fynbos ne. Ku fita ana idar da asuba. Akwai tafki a Oakes Falls, ruwan launin shayi amma garau yake, nan muka yi wanka muka yi azahar a kan falalen dutse.

Bakatsine: Ni kuskuren mota na yi. Mun bar ta a Greyton da niyyar mu dawo a ƙafa washegari, da safe abokina ƙafa ta kumbura ko takalmi ba ya shiga, sai da muka biya wani ya zagaya da mu ta Robertson, abin da ke bayan dutse ɗaya ya zama tafiyar sama da kilomita 100. Mai masaukin kam mutuniyar kirki, ita ta nemo mana direban. Sannan ku rufe taga in za ku fita, gwaggon biri sun san leda.

Ɗan Zariya: Na gode ƙwarai. Malam Bakatsine nawa direban ya caje ku?

Bakatsine: Kar ka tuna min, har yau abokin nan bai biya ni rabinsa ba.